Hanyar wutar lantarki

Idan dare ya yi a Bune, cikin ƙasar Gure, tocila tana da amfani ƙwarai. Da ita ake duba awaki a turke. Da ita ake ganin kunama tun ba a taka ta ba. Amma wani lokaci sai ta ƙi kamawa, alhali pil ɗinta sabo ne. Mene ne dalili?

Wutar lantarki tafiya take yi. Tana fitowa daga wani kai na pil, ta ratsa ƙwan tocila, ta koma ta ɗayan kan. Wannan hanya ita ake kira da'ira. Idan ta yanke, ko da wuri ɗaya ne, wuta ba ta gudu, ƙwai ba ya haske.

Da'ira tana da abubuwa huɗu: pil, waya, ƙwai da makunni. Pil ne ke tura wuta. Wani masani na ƙasar Italiya, mai suna Volta, shi ya ƙago shi a shekarar 1800. Daga sunansa aka samo "bolt", ma'aunin ƙarfin turawar. Pil ɗaya na tocila bolt 1,5 gare shi. Idan an jera biyu, kan mai alamar + yana taɓa gindin mai alamar −, sai a samu bolt 3. Idan an juya ɗaya, ƙarfinsu ya kashe juna. Makunni kuwa kamar ƙyaure yake: shi ke haɗa hanya, shi ke yanke ta.

Saboda haka, idan tocila ta mutu, kada a yi saurin yar da ita. A duba jerin pil. A duba ƙarfen da ke taɓa su. Idan ya yi tsatsa, a kankare shi.

Ba kowane abu wuta ke bi ba. Tana bin jan ƙarfe da sauran ƙarafa. Ba ta bin roba da busasshen icce, shi ya sa ake lulluɓe waya da roba. Tana bin ruwa, balle mai kanwa ko gishiri. Tana bin jikin mutum ma.

Farantin hasken rana da ake ɗorawa bisa ɗaki shi ma cikin da'ira yake aiki. Da rana yana cika batir mai bolt 12. Da dare batir ya kunna ƙwai da rediyo. Amma idan wayoyinsa biyu suka saɓule suka taɓa juna, wuta ta samu gajeriyar hanya. Sai waya ta yi zafi, roba ta narke. Kusa da zana ko bukka, gobara ke nan.

Wutar kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ta fi haɗari. Wadda ke shiga gidajen Gure da Damagaram bolt 220 ce, tana kisa. Yaro mai hankali yana gwajinsa da pil kawai. Ba ya taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu. Idan ya ga ta faɗo ƙasa, sai ya ja da baya, ya kira manya.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa ne ke cikin da'ira?
2. Pil uku a jere, bolt nawa ke nan?
3. Don me ake lulluɓe waya da roba?