Ƙiwar Jariri Ba Sangarta Ba Ce

Uwargida, idan ɗanki ya kai wata 8 ko 9 ya fara ƙanƙame ki, yana tsala kuka in baƙo ya miƙo hannu, kada ki biye wa masu cewa kin sangarta shi. Yanzu ne ya soma bambance nasa da bare, ya kuma gane kina nan ko ba ya ganinki, shi ya sa yake nemanki.

Kada a tilasta masa zuwa hannun kowa. In za ki fita, ban da sulalewa. Yi masa sallama, ki bar shi wurin wadda ya saba da ita.

Amma in ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ki sanar da ma'aikaciyar lafiya ranar rigakafin ƙyanda na wata 9.