Hawan Jini Ba Ya Jiran Kaka

Manomin shinkafa a fadamar Argungu sau biyu kuɗi ke shigo masa a shekara: bayan girbin damina da bayan na rani. Hawan jini da ciwon suga kuwa ba su san kaka ba. Kullum sai an haɗiyi ƙwaya, duk wata sai an sayo wata. A wannan tazarar ce cutar ke cin mutane.

Abin da ya sa hawan jini ke da wuyar sha'ani shi ne galibi ba ya ciwo. Mutum zai yi shekaru awon jininsa ya haura 140 bisa 90, yana jefa homa a Matan Fada, yana cin tuwonsa lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu cutar a duniya ba su san suna da ita ba. Wanda ya sani ma, da kai ya daina sara masa sai ya ajiye magani, ya ce ai ya warke. In ya sake jin jiri, ya leƙa kemis a ba shi na kwana uku. Ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza, sai a kwashe shi zuwa Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko na tarayya, a fara sayar da buhunan shinkafa, daga nan a taɓa shanu. Kuɗin wankin ƙoda na mako guda zai sayi maganin hawan jini na watanni masu yawa.

A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fita. Dokoki dai akwai su. Ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa galihu, ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Jihar Kebbi ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Tsarin bai fi adashe wuyar fahimta ba: kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kama ya ɗauka. Sai dai ma'aikacin gwamnati daga albashi ake cire nasa, masunci da mai sayar da kifi kuwa sai an bi su har gida.

Shin katin inshora yana sauke jini? An gwada a karkarar jihar Kwara, inda aka fara inshorar ƙauye a 2007. Binciken da aka buga a 2014 ya gano cewa masu hawan jini a yankin da shirin ya shiga, awonsu ya sauka kusan ninki biyu na waɗanda ke yankin da bai shiga ba. Amma a lura: ba kati kawai aka raba ba, an gyara asibitocin, an zuba magani.

Nan ne gizo ke saƙar. Kati a aljihu, asibitin unguwa babu na'urar awo mai aiki, babu ƙwaya a kanta, wannan kati takarda ce kawai. Mai ciwon suga ba babban likita yake buƙata duk wata ba. Ma'aikacin lafiya yake buƙata wanda ya san sunansa, yana riƙe da littafin awonsa, zai duba masa ƙafa kafin ɗan gyambo ya kai ga yankewa, kuma wurinsa bai fi tafiyar ƙafa ba.

Duk wanda ya ba shekara 40 baya a Argungu, ya tsaya a asibitin shiyyarsu a auna shi, ya kuma tambayi yadda ake rajistar inshora.