Makarantar Ƙauye: Me Ke Tsayar Da 'Ya'yanmu Mata?

Hirarmu ta yau a kan makarantar ƙauye ce. Me ya sa yarinyar karkara kan gama aji shida ba ta iya karanta wasiƙa ba, alhali sa'arta ta birni tana shirin shiga sakandare?

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don ki san haƙƙin 'yarki. A shekarar 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimi na UBE a Sakkwato, a 2004 kuma aka mayar da shi doka. Dokar ta ce kowane yaro, mace ko namiji, zai yi karatun shekara 9 kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ba ta bambanta ɗan birni da ɗan ƙauye ba. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta don wannan aiki, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gina azuzuwa sai ta ajiye nata kuɗin tukuna. Jihar da ta yi sanyin jiki, sai kuɗin ya yi ta zama a Abuja, yara kuma suna zaune a ƙasa rufi yana yoyo.

To, ina gizo ke saƙar? Na farko, malamai. Yawancin masu takardar NCE sun fi son birni, inda akwai wuta da asibiti da mota. Sai ki tarar da makaranta mai aji shida malami biyu ne ke riƙe da ita. Malamai mata kuwa sun fi ƙaranci, kin kuwa san magidanci ba ya sakin jiki ya bar 'yarsa da ta fara girma a hannun maza zalla.

Na biyu, nisa. Firamare kan samu a ƙauye, amma ƙaramar sakandare sau da yawa sai garin hakimi. Da damina rafi ya cika, hanya ta yanke. Ga kuma rashin tsaro: tun da aka sace 'yan matan Chibok a 2014 da na Jangebe a jihar Zamfara a 2021, iyaye da yawa suka ji tsoron makarantar kwana, wadda a da ita ce mafitar 'yar ƙauye.

Na uku, banɗaki da ruwa. Yarinya ta fara al'ada, makaranta babu makewayi na mata, sai ta riƙa fashi kowane wata, daga nan ta daina zuwa. Na huɗu, ko da ba a biyan kuɗin makaranta, littafi da biro da yunifom duk daga aljihun iyaye suke fitowa.

Waɗannan duk nauyin hukuma ne da al'umma. Amma akwai guda ɗaya da ke hannunki, 'yar'uwa, shi ne talla. Na sani ba son ranki ba ne. Ba kya fita, ƙosan da kika soya da ƙuli-ƙulin da kika yi ba za su kai kansu kasuwa ba, da ribar kuma kike zubin adashe kina tara mata kayan ɗaki. Sai dai ki duba: tallar safe ita ce ke cinye darasin farko. Kwano da katifa suna tsufa, amma karatun da zai sa ta gane takardar asibiti da lissafin jarinta yana tare da ita har ɗakin mijinta.

Ga shawara. Ki mayar da talla bayan an tashi daga makaranta, ko ki koma sana'ar da masu saye ke aikowa har gida. Kullum da yamma ki ce ta buɗe miki littafinta. Ko ba ki yi boko ba, za ki gane jan biron malami. In mako ya wuce babu shi, ki gaya wa maigida cikin lalama ya kai maganar ga hedimasta ko mai unguwa. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta, kuma akwai kujerar mata a cikinsa. A wajen suna ko biki ku haɗa baki ku zaɓi dattijuwar da za ta kai kukanku.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajojinta ƙauyuka don ilimi ya iske mata har inda suke. Kada a zamaninmu 'yar ƙauye ta zama ita ce ta baya.