Kisan Sarah Everard da Zubewar Mutuncin 'Yan Sandan Landan

A daren 3 ga Maris, 2021, wani ɗan sandan birnin Landan mai suna Wayne Couzens ya tare Sarah Everard, mai shekara 33, tana kan hanyarta ta komawa gida da ƙafa. Ya nuna mata katin aikinsa, ya yi kamar yana kama ta ne saboda karya dokar kullen korona, ya sa mata ankwa, ya tura ta cikin mota. Daga nan ya yi mata fyaɗe, ya kashe ta.

Ranar 13 ga watan, ɗaruruwan mata suka taru a filin Clapham Common domin juyayi. 'Yan sanda suka tarwatsa su da ƙarfi, hoton wata matashiya da aka danne a ƙasa ya karaɗe duniya. Washegari masu zanga-zanga suka cika dandalin da ke gaban majalisar dokoki.

A watan Satumba kotu ta yanke wa Couzens ɗaurin rai-da-rai. Ba a gama da wannan ba, sai ga wani jami'in rundunar 'yan sandan Landan, David Carrick, ya amsa laifukan fyaɗe 24, bayan an sha kai ƙorafi a kansa ana yin biris.

Shugabar rundunar, Cressida Dick, ta sauka a 2022. Rahoton binciken da Louise Casey ta yi kan rundunar, wanda ya fito a Maris 2023, ya ce raina mata da wariyar launin fata sun yi katutu a rundunar. Sabon shugaba, Mark Rowley, ya shiga sake tantance jami'ai da korar masu laifi, domin matar da ba ta amince da ɗan sanda ba, da wuya ta kai masa ƙara.