Jadawalin Lissafi a Hidimar Gida da Karatu

Idan kuka shiga Kasuwar Kure a nan Minna, ku tsaya a rumfar mai sayar da hatsi, ku roƙe shi ya nuna muku littafinsa na ciniki. Za ku tarar ya ja layuka da biro daga sama zuwa ƙasa, ya raba shafi gida-gida: nan kwanan wata, nan sunan kaya, nan yawan mudu, can kuma kuɗin da aka biya da wanda ya saura bashi. Wannan shi ake kira jadawali, kuma 'yan kasuwa sun daɗe da saninsa tun kafin zuwan kwamfuta. Aibinsa guda ne. Ranar da farashi ya sauya, ko aka gano kuskure a lamba ɗaya, dole mai littafin ya soke, ya sake tarawa tun daga farko.

Wannan wahala ta sake lissafi ce ta dami wani ɗalibi mai suna Dan Bricklin, lokacin da yake karatun kasuwanci a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1978. Shi da abokinsa Bob Frankston suka ƙirƙiro manhajar VisiCalc, wadda ta fito a 1979. Daga baya Excel ta zo a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Akwai kuma LibreOffice Calc, wadda ake samu kyauta. Duk aikinsu iri ɗaya ne, kuma a wannan darasi za mu kira su jadawalin lissafi. Ba lallai sai kuna da kwamfuta ba, domin Excel da Google Sheets duka suna aiki a wayar hannu.

Da kun buɗe manhajar za ku ga shafi cike da ƙananan gidaje, kamar gurabun dara. Layukan da suka tsaya a tsaye ana kiran su ginshiƙai, kuma kowane yana da harafi a kansa: A, B, C, D. Waɗanda suka kwanta ana kiran su layuka, kowane da lambarsa: 1, 2, 3. Inda ginshiƙi ya haɗu da layi, nan ne gurbi. Kowane gurbi yana da suna. Wanda yake a ginshiƙin C, layi na 2, sunansa C2. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Mu fara da cefanen wata. A ce mahaifiyarku ta ware Naira 42,000, ta ce ku tsara mata abin da za a sayo. A layi na 1 sai ku rubuta kanun ginshiƙai, sauran layukan kuma ku cika su kamar haka. Farashin na misali ne kawai.

A: Kaya | B: Yawa | C: Kuɗin ɗaya | D: Jimla
Shinkafa, mudu | 6 | 2500 |
Wake, mudu | 3 | 2000 |
Doya, guda | 10 | 1200 |
Manja, kwalba | 2 | 1800 |
Gawayi, buhu | 1 | 5000 |

Kun ga an bar ginshiƙin D ba kome. A nan ne wanda ya iya yake bambanta da wanda bai iya ba. Wanda bai iya ba zai ɗauki biro ya ninka 2,500 sau 6, ya sami 15,000, ya rubuta a gurbin D2. Amsarsa daidai ce, amma bai amfana da manhajar ba, ya mai da ita takarda ne kawai. Wanda ya iya ba ya rubuta amsa. Abin da yake rubutawa shi ne hanyar da za a bi a sami amsar, wato ƙa'idar lissafi, wadda masu kwamfuta ke kira fomula. A gurbin D2 zai rubuta =B2*C2. Alamar daidai da ke gaba tana sanar da manhajar cewa lissafi ake so ta yi, tauraron da ke tsakiya kuma yana nufin sau. Da Hausa, ma'anar ita ce: duk abin da ke cikin B2, a ninka shi da duk abin da ke cikin C2. Nan take 15,000 za ta bayyana. Sai ya jawo wannan ƙa'ida zuwa gurabun da ke ƙasa, ta gyara kanta: B3 da C3, B4 da C4, har zuwa layi na 6. A gurbin D7 ya rubuta =SUM(D2:D6), wato a tara daga D2 zuwa D6, ya sami 41,600. A D8 kuma =42000-D7, ya ga saura Naira 400.

To, kun isa kasuwa, sai aka ce mudun shinkafa ya koma 2,800. Gurbi ɗaya kawai za ku taɓa, wato C2. Kafin ku ɗaga yatsa, kuɗin shinkafa ya zama 16,800, jimla ta zama 43,400, gurbin saura kuma ya nuna an gaza da Naira 1,400. Yanzu sai gwaji. In aka rage doya ta koma 9, har yanzu da giɓin Naira 200. In ta koma 8, za a yi rarar Naira 1,000. In kuwa aka bar doya yadda take aka sayi shinkafa mudu 5, rarar ta kai Naira 1,400. Manhajar ba za ta gaya muku wanda ya fi ba. Wannan hukuncin uwargida ne, ita ce ta san bakunan da take ciyarwa. Amma za ta yanke shi tana ganin sakamakon kowace hanya, maimakon ta gano giɓin bayan kuɗi sun ƙare.

Ku sake duba jadawalin. Kalmomin mudu da kwalba da buhu an rubuta su tare da sunan kaya, an bar lamba ita kaɗai a gurbinta. Da gangan aka yi haka. In kuka rubuta "mudu 6" a gurbin B2, manhajar za ta ɗauke shi rubutu ne, ba lamba ba. Wajen ninkawa za ta nuna alamar kuskure, wannan da sauƙi, tunda za ku gani ku gyara. Abin tsoro shi ne wajen tarawa, domin SUM tana tsallake duk gurbin da ta ɗauka rubutu ne, ba tare da ta ce uffan ba. Jimla za ta fito tsaf, kyakkyawa, amma ba ta cika ba. Haka kuma kada ku cakuɗa ma'auni. Wanda ya sayi doya ƙwarya guda, wato guda 100, ya rubuta 1, alhali kuɗin da ya sa na doya guda ne, ya yaudari kansa da hannunsa.

Wani wurin da jadawali ke hana rigima shi ne adashi. A ce mutum 10 suna zubin Naira 5,000 duk wata, mai kwasa ya ɗauki 50,000. Uwar adashi takan riƙe lissafin a ka ko a ɗan littafi, kuma sau da yawa saɓani kan tashi a kan wata guda: wannan ta ce ta zuba, waccan ta ce ba ta gani ba. Ku jera sunaye a ginshiƙin A, watanni kuma a layi na 1. Duk wadda ta zuba a rubuta kuɗinta a ranar, a gabanta. A ƙasan kowane wata a sa ƙa'idar tarawa. Watan da ya nuna 45,000, gurbin da ba kome a ciki zai nuna wadda ake jira. Sai dai ku yi hattara da lambobin waya da na asusun banki. Lambobin wayarmu da sifiri suke farawa, haka ma wasu lambobin asusu, waɗanda ke da alƙaluma 10. Manhajar kuwa takan jefar da sifirin farko, domin a wurinta 08 da 8 duk ɗaya ne. Maganin shi ne ku sa alamar ' kafin lambar, ko ku mai da ginshiƙin na rubutu kafin ku fara cikawa. Kuma irin wannan jadawali amana ne, ba a tura wa wanda ba ya cikin adashin.

Mu koma makaranta. Hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO, wadda aka kafa a 1999, a garinku take, a kan hanyar Bida. Kun kuma san sharaɗin shiga jami'a: kiredit a darussa biyar, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a fannoni da dama. Bisa ma'aunin da makarantu suka saba amfani da shi, kiredit mafi ƙanƙanta, wato C6, daga maki 50 yake farawa. To, ga sakamakon wani ɗalibi na misali: Hausa 78, Turanci 61, Lissafi 44, Kimiyyar Halittu 66, Tattalin Arziki 71. In ya jera makin daga B2 zuwa B6, ya rubuta =AVERAGE(B2:B6), zai sami matsakaicin maki 64. Zai yi murna, iyayensa ma haka. Amma wannan 64 ta ɓoye 44, kuma 44 ɗin ce za ta iya tsayar da shi a ƙofar jami'a, ko da ya ci sauran darussan da kyau. A ganina matsakaici shi ne lissafin da ya fi ruɗin ɗalibai. Abin da ya fi amfani shi ne ku umarci manhajar ta shafa jan launi a duk gurbin da makinsa bai kai 50 ba, sa'an nan ku ƙara ginshiƙi ga kowane zangon karatu. Bayan zango uku za ku ga darasin da ke hawa da wanda ke gangarowa, kuma shi ya kamata ya ci mafi yawan sa'o'inku na bita, ba wanda kuka fi jin daɗinsa ba.

Ga ku masu koyon Hausa kuwa, akwai wani amfani da babu lissafi a cikinsa ko kaɗan. Jam'in suna a Hausa ba hanya ɗaya yake bi ba: gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, sarki sarakuna, littafi littattafai. Ba a tsira sai da hadda. Ku buɗe jadawali mai ginshiƙai biyar: kalma, jinsinta, jam'inta, ma'anarta da harshenku, ko Gwari ne ko Nufanci ko Yarbanci ko wani, sai jimla guda da kuka ji an yi amfani da kalmar a ciki. Kalma biyar a rana ta isa. In sun taru, manhajar za ta iya jera muku su bisa haruffa, ko ta tace ta nuna sunayen jinsin mace kaɗai. A nan za ku gani da idonku cewa kusan dukkansu da wasalin a suke ƙarewa. In kuka tace na jinsin namiji kuma, za ku kama waɗanda suka saɓa wa zato, irin su gida, ruwa, nama da suna, waɗanda ke ƙarewa da a amma ana cewa gidan, ruwan, naman, sunan. Ku sa allon rubutun Hausa a wayarku, irin wanda ke cikin Gboard, domin ku sami ɓ da ɗ da ƙ. Manhajar ba ta ɗaukar k da ƙ a matsayin harafi ɗaya. Wanda ya rubuta kasa yana neman ƙasa ba zai same ta ba, kuma gaskiyar manhajar ce, tunda ma'anarsu ma ba ɗaya ba ce.

Kada ku zaci kuskuren jadawali na ɗalibai ne kawai. A watan Oktoba na 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta sanar cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da cutar bai shiga ƙidayarta a kan lokaci ba. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar layuka fiye da 65,536. Da ya cika, sauran bayanan suka zube ba wanda ya lura, aka makara wajen neman waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar. Jadawalinku ba zai kai wannan girma ba, amma ɗabi'ar da za ta kare ku ɗaya ce da wadda ta kamata a can: bayan kowane aiki, ku ƙirga layukan ku ga ko sun cika, ku kuma gwada layi ɗaya ko biyu da biro.

Ba kowane lissafi ne ya cancanci jadawali ba. Wanda aka aika ya sayo gishiri da albasa da ashana, takarda ta ishe shi, kansa ma ya isa. Jadawali na aikin da ake maimaitawa ne, wata bayan wata, ko wanda lambobinsa ke yawan sauyawa. Kuma ko da yake madatsun Kainji da Shiroro a jiharmu suke, kun san wuta takan ɗauke, waya takan lalace ko ta ɓace. Ku riƙa adana aikinku kuna cikin yi, ku ajiye kwafi a wani wuri dabam. Lissafin da ya shafi kuɗin mutane, kamar adashi, a riƙa kwafe shi a littafi duk ƙarshen wata, masu zubi su gani su sa hannu.

Tambayoyi da Aiki

1. Mene ne bambanci tsakanin rubuta 15000 da rubuta =B2*C2 a gurbin D2?

2. Me ya sa marubucin ya ce kuskuren tarawa ya fi na ninkawa haɗari?

3. Ku yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimlolinku: giɓi, rara, zubi, kwasa, amana.

4. Ku kawo jam'in waɗannan sunaye, ku faɗi jinsin kowane: gurbi, ginshiƙi, kasuwa, kwalba, buhu.

5. Ku je kasuwar da ta fi kusa da unguwarku, ku tambayi farashin kaya biyar da Hausa. Ku tsara jadawalin cefane a waya, ko a kwamfutar makaranta, ko a takarda in babu. Bayan mako biyu ku koma ku sake tambaya, ku kawo wa aji abin da ya sauya.