Gogewa ko Fenti: Wanne Ke Fito da Ƙyallin Madubi?

A mararrabar Jega, inda hanyar Sakkwato da ta ratso Aliero ke haɗuwa da wadda ta nufi Maiyama da Yawuri, babura iri biyu za ka gani a hannun 'yan kabu-kabu. Akwai wanda salansarsa ke ɗaukar ido har ka hango fuskarka a jikinta. Akwai kuma wanda aka fesa wa fentin silba, daga nesa fari tas, in ka matso sai ka ga haske ne kawai, ba ya nuna komai. Masu su duka ƙyalli suke nema, hanya ce ta bambanta: wani ya goge ƙarfen, wani ya rufe shi.

Ƙyallin da sabon babur ke fitowa da shi daga kamfani ba fenti ba ne. Wani ƙarfe ne mai suna kurom, wanda Bafaranshe Vauquelin ya gano a 1797, aka kuma fara lulluɓe kaya da shi ta hanyar lantarki a Amurka a shekarun 1920. Ana fara shimfiɗa nikel, sannan a ɗora kurom ɗin a kai, siriri ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Aikin masana'anta ne, ba a yin sa a gindin bishiya. In tsatsar damina ta fara cin sa, abin da ya rage wa mai babur shi ne tsumma da man goge ƙarfe, ko gwangwanin fenti.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, madubi ba launi ba ne, santsi ne. Haske in ya faɗa kan abin da yake sumul, yakan dawo a jere yadda ya je, sai ido ya ga hoto. In akwai kaushi, ko da wanda yatsa ba ya ji ne, sai hasken ya watse. Fentin silba na kasuwa garin alminiyum ne a cikin ruwan danƙo, in ya bushe ɓarɓashin ya kwanta ta ko'ina, wannan ya kalli gabas wancan ya kalli yamma. Shi ya sa kurfotin da maƙeri ya shafe da silba yake da kyau a rumfa amma ba za ka gyara hula a jikinsa ba. Ko ka ƙara shafi goma, ƙara kauri kawai ka yi.

Amma kada a raina fenti, domin akwai waɗanda suka kai shi inda ba a zata ba. A Ingila, kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham ya fito da wasan Warhammer a 1983, wasan da ake jera 'yan mutum-mutumin sojoji a kan tebur, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. A yau akasarinsu na roba ne, kuma mai wasa shi ke yi wa nasa fenti. Roba dai ko ka kwana kana gogewa ba za ta zama ƙarfe ba, don haka dole masu wasan suka koma ga fenti. Suna amfani da irin su Alclad da Molotow, waɗanda ɓarɓashinsu ya fi na silba sirantaka nesa ba kusa ba, yana tasowa sama ya kwanta shafe-shafe kamar ɓawon kifi. Sai dai dubi wahalar. Za a fara kankare duk wani tabo, a fesa baƙin fenti mai sheƙi, a bar shi ya bushe sarai ba tare da ƙura ta sauka ba (a yi tunanin wannan a Aliero lokacin hunturu), sannan a yi feshi sama-sama. In aka cika hannu, ya koma silba. In aka taɓa da wuri, zanen yatsa ya zauna. In aka rufe da banish don kariya, sau da yawa ƙyallin ya dusashe. Ga shi kuwa kayan wasa ne, hannu ba ya rabuwa da su. Wasu gwanayen ma sun haƙura da fentin ƙarfe gaba ɗaya: sai su zana shuɗin sama a bisa, baƙin layi a tsakiya, ruwan ƙasa a ƙasa, ido ya ɗauka kurom ne yake nuna sararin sama da ƙasa.

Wato ko mai fentin ma sai ya nemi santsi kafin ya buɗe kwalba. Yaranmu masu ƙera motar gwangwani sun daɗe da gano gajeriyar hanya, su kan juya cikin gwangwanin madara waje, tunda kuzar da aka lulluɓe shi da ita tana ƙyalli da kanta.

Gogewa ba ta da wani sirri sai haƙuri. A alminiyum ko tagulla, ana farawa da samfefa mai ɗan kaushi, lamba 400, a hau 800, a kai 1500 ko 2000 ana jiƙawa da ruwa, kowace tana share zanen wadda ta gabace ta. Sai a ɗauko man goge ƙarfe irin su Autosol ko Brasso da tsumma mai laushi. Tsumman zai yi baƙi ƙirin, ƙarfen kuma ya fara buɗe ido. Matar da ke darje tukunyarta da toka tana kan wannan hanyar, sai dai yashi da soson ƙarfe suna barin zane, don haka take samun fari ba madubi ba. Babbar fa'idar gogewa ita ce ƙyallin na ƙarfen ne: in ya dusashe a sake bi, ba abin da zai ɓare.

Sai dai gogewa tana da inda take cutarwa. Wanda ya sa samfefa a salansa mai kurom ya gama da ita, domin a 'yan mintuna zai cinye wannan siririn rufi, ya bar ƙarfe tsirara. Baƙin ƙarfe kuwa ko ya yi sheƙi yau, raɓar kwana kaɗan ta isa ta mai da shi ja. A nan fenti ya fi, saboda yana tare tsatsa, da sharaɗin a nemi mai jure zafi, don na gama-gari ƙonewa yake yi a salansa.

Ni dai a wurina gogewa ce kan gaba ga duk abin da hannu zai riƙa taɓawa, muddin ƙarfen mai karɓar guga ne. Fenti na roba ne, da kayan ajiye a kalla, da ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci. Ɗan kabu-kabun da kurom ɗinsa bai mutu ba, ya rabu da samfefa da gwangwanin silba, ya wanke laka da ruwa da sabulu, ya tsane, ya bi da tsumma.