Chadi: Wa zai kare ma'aikacin gwamnati idan ya fallasa almundahana?

A N'Djamena, ma'aikacin da ya ga ana karkatar da kuɗin baitulmali a ofishinsa yana fuskantar tambaya guda kafin ya buɗe baki: me zai same shi gobe? Ramuwar gayya ba lallai ta zo da takardar kora ba. Tana iya zuwa da canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa kamar Faya-Largeau, ko riƙe albashi, ko hana ƙarin girma.

Batun ya shafi Hausawa 'yan kasuwa da direbobin da ke ratsa gadar Ngueli tsakanin Kousseri da N'Djamena, domin jami'in da ke cikin ofis shi ne ya fi kowa sanin inda kuɗin fito ke zurarewa. Idan ya yi shiru, mai kaya ne ke biya.

Abin da Chadi ta yi alkawari

A shekarar 2018 Chadi ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci. Sashe na 33 ya yi magana kan kare wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya, sai dai ya nemi ƙasashe ne su duba yiwuwar sanya kariyar cikin dokokinsu, bai tilasta ba. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta Maputo ta 2003 ta fi ƙarfi: sashe na 5 ya ɗora wa ƙasashe kare masu ba da bayanai da ɓoye sunayensu, tare da hukunta mai ƙage.

A cikin gida, an ƙaddamar da farmakin Cobra a 2012 zamanin Idriss Déby Itno, sannan a 2023 aka kafa hukumar AILC mai yaƙi da cin hanci a madadin babban ofishin binciken ƙasa, IGE. Amma karɓar ƙorafi daban, kare mai ƙorafi daban. Ma'aikaci yana ƙarƙashin wajibcin riƙe sirrin aiki, kuma da wannan igiya shugabansa zai iya ɗaure shi a gaban kwamitin ladabtarwa.

Darasi daga wasu ƙasashe

Najeriya ta fito da tsarin tsegumi a Disamban 2016, inda ake ba mai fallasa ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Tsari ne na ma'aikatar kuɗi, ba dokar majalisa ba, don haka wanda aka kora ba ya iya dogaro da shi sosai a kotu. Gana kuwa ta yi doka tun 2006. Afirka ta Kudu na da tata tun 2000, amma hakan bai hana harbe Babita Deokaran, jami'ar ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng, a Agustan 2021 ba.

Dokar Faransa ta 2016 da ake kira Sapin 2 ta kawo wani muhimmin abu: idan ma'aikaci ya nuna alamun an hukunta shi saboda fallasa, shugaban ne zai tabbatar wa kotu cewa dalilin daban ne.

Kafin a buɗe baki

Matakin farko shi ne rubuta kwanan wata da abin da aka gani da ido, ba jita-jita ba, a kuma adana kwafin takardun albashi da na ƙarin girma. Kai rahoto a rubuce ga hukumar da doka ta ba iko ya fi yaɗa shi a Facebook, inda za a iya tuhumar mutum da ɓata suna. Ƙungiyar ƙwadago irin su UST, ko ƙungiyar PPLAAF da aka kafa a Dakar a 2017 don tallafa wa masu fallasa, na iya ba da shawara. Idan hukunci ya biyo baya, ana ƙalubalantar sa a gaban alƙalin shari'un gudanarwa, kuma wa'adin shigar da ƙara gajere ne.